Karanta Mini Da Bakinka

Taufiq yana tsaka da ɓare wata waya da ta faɗa tukunyar miya kiran ya shigo. Yana ganin sunan da ke kan allo ya saki sukundireba ya miƙe tsaye, har da gyara hula, kai ka ce mai kiran yana leƙensa ta taga.

Malam Kalilu ne daga Argungu, mahaifin Mansura.

"Ka taho yau, kahin la'asar."

"To Baba! In sha Allahu Baba! Ya gona? Ya su Inna da..."

Ƙit, an kashe.

Da wani ne ya ji wannan muryar, gabansa zai faɗi. Ban da Taufiq. Shi ko fuskar ɗan sanda ya gani a murtuke cewa yake yi yunwa ce. Ya rufe shago, ya zaga rumfar kayan roba ta mahaifiyarsa yana taka rawa.

"Alhaja Bolanle ikon Allah! Ki fito da zanen ashokenki na biki da ke ƙasan akwati, an kira ɗanki Argungu. Yau za a ce in turo manya."

Ta dube shi sama da ƙasa tana jera bokitai.

"Ka rage surutu in ka je, ka ji ni ko? Shekara guda mutanen nan suna juya ka. Ga Yewande ɗiyar ƙawata nan, ba wanda zai tambaye ka garin kakanka a gidansu, amma ka nace."

"Mama, Yewande ta fi ni gemu."

"Allah ya shirye ka. Tafi, ka bi hanya a hankali."

Gaskiyar Alhaja ce, an juya shi. A unguwar Badariya ta Birnin Kebbi aka haifi Taufiq, Hausa ta fi Yarbanci zama a bakinsa, amma tun ranar da ya ce yana son Mansura, 'yar makarantar Foli da ke zaune gidan gwaggonta a unguwarsu, baffanninta suka ce ba su san zancen ba. Bayarabe ne, mai gyaran waya ne, ba shi da ko kadada guda a fadama. Ga kuma Abbas, ɗan ƙanen Malam Kalilu, wanda ke noma masa shinkafa da albasa tun yana ɗan saurayi, kuma kowa a gidan ya daɗe da ɗauka shi ne mijin.

Mutum ɗaya ne ya fara sassautowa, shi ne uban yarinyar. Wata biyu da suka wuce Taufiq ya kai masa babbar waya ta shafawa, tsohuwar tasa da ya gyara ta koma fes. Ya zauna ya koya masa kiran bidiyo, tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar Taufiq ya fara tambayar tela kuɗin babbar riga.

Yana isa Argungu ana kiran azahar. Ya yi sallah a masallacin bakin titi, ya kakkaɓe ƙurar hanya, ya yi sallama a zauren.

Warin albasa ne ya fara amsa masa. Malam Kalilu yana zaune a kan buzu da carbi a hannu. Abbas ya jingina da bango ya harɗe hannuwa. A tsakiyar tabarma kuwa, ga wayar nan an ajiye ta ita kaɗai kamar abin da aka kama da ɓarawo.

Taufiq ya durƙusa.

"Baba barka da rana. Wayar ce ta yi gardama? Ai da ka faɗa mini, da na zo da kayan aiki. Ko Abbas ne ya latsa inda ba a latsawa?"

Ba wanda ya yi murmushi.

"Zauna," in ji Malam Kalilu. Ya ɗaga murya. "Mansura!"

Taufiq bai ma san tana garin ba. A saninsa tana Birnin Kebbi tana shirin jarrabawa, kuma tun jiya wayarta a kashe take. Ta shigo cikin dogon hijabi, idanunta sun kumbura sun yi jawur. Ko inda yake ba ta kalla ba, ta zauna a bakin ƙofa.

A nan ne Taufiq ya gane ba zancen turo manya ba ne.

"Jiya da hantsi muna rumfar albasa muna tsinta," tsohon ya fara. "Mu goma sha. Da Liman, da dillalai biyu da sunka zo daga Augie, da ƙannena. Abbas ya sa man data shekaranjiya don in riƙa jin karatu. Sai nig ga hotuna sun cika wanga abu, da fuskar ɗiyata ƙarama a sama, da rubutu a ƙasa. Nic ce to, Mansura ta aiko man saƙo daga makaranta. Ka san ni ban yi boko ba. Murna ta kama ni, na miƙa ma Abbas, nic ce karanta muna kowa ya ji abin da 'yar boko ta rubuto ma ubanta."

Ya turo wayar da ɗan yatsa.

Taufiq ya ɗauka. Kallo ɗaya ya yi, ya gane hotunan da ke cikin wayarsa ne.

Kowa da cutarsa, ta Taufiq ita ce sikirinshot. Ba ya ganin abu a waya ya bar shi ya wuce. Yatsu uku zai ja a kan allo, ƙyas, abin ya zama hoto. Saƙonnin Mansura kuwa jaka guda ya buɗe musu, ya sa mata suna Tawa. Ita Mansura da ta rubuta abu take gogewa, ta ce shi ma ya goge. Yana gogewa kuwa, har da rantsuwa. Abin da bai taɓa faɗa mata ba shi ne, kafin ya goge, yatsu ukun nan sun riga sun yi aikinsu.

Ranar da ya kawo wayar, suna gama kiran bidiyo Malam ya miƙe yana sauri zai tafi jana'iza. Buɗe masa sabon adireshin imel zai ɗauki lokaci, sai Taufiq ya bar nasa a ciki, ya ce a ransa in ya dawo zai canza. Bai canza ba. Wayar ta yi wata biyu ba data, ta yi shiru abinta. Ana sa mata, ta janyo duk abin da ke ma'ajiyar hotunansa ta zube wa tsoho a hannu.

Shi da yake yi wa kwastomomi faɗa kullum a kan wannan kuskuren.

"Abbas ya karanta," in ji Malam Kalilu. "Amma na san shina da nashi a rai, kowa ya sani. Tana iya yiwuwa ya ƙara gishiri. Shi ya sa nik kira ka. Kai ka aje su, kai ka san su. Karanta man da bakinka."

"Baffa, wallahi ban ƙara ko wasali ba," in ji Abbas.

"Ban tambaye ka ba."

Taufiq ya shafa allon. Na farko hoton tsohon ne da kansa, wanda ya ɗauka ranar kiran bidiyo: hula ta karkace, baki a buɗe yana dariya. Taufiq ya zana masa albasa a ka, ya rubuta Sarkin Albasa ya kusa amincewa.

"Wannan... wannan wasa ne Baba. Ni na yi, ba ruwanta. Ka san bakina."

"Wannan ko makaho ya gane shi. Dillalan sun yi dariya, ni ma na yi. Wuce."

Ya wuce. Na biyu saƙonta ne na watan da baffanninta suka matsa. Ya bi layukan da ido: Baba ya fi jin ciwon albasa a kan ciwona. In guda ɗaya ta fara ruɓa yana jin warinta tun daga ƙofar gida, ni wata uku ina kuka bai ji ba.

Na uku ya fi. Taufiq ya tuna ranar, ranar rajistar shekara ta biyu ce, da aka ce sai uba ya zo ya sa hannu.

Ya saci kallon tsohon. Idanun Malam Kalilu suna kan bakinsa, yana jira kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a allon nan. Abbas kuwa an riga an ce ba a yarda da shi ba. Taufiq ya ji harshensa, wanda bai taɓa ba shi kunya a kasuwa ba, ya motsa da kansa.

Ya gyara murya.

"Ta ce, yau Babana ya zo makaranta tun daga Argungu saboda ni. Ta ce, da na gan shi a cikin iyayen mutane sai na ji ba wanda ya kai shi kwarjini. Ta ce, duk abin da na zama a duniya, guminsa ne..."

"Ƙarya yake yi!" Abbas ya zabura. "Baffa, wallahi ƙarya yake yi!"

"Ka ji ko Baba? Ni ma abin da na gani ke nan nake faɗa. Rubutun waya ƙanana ne, wanda bai saba ba sai ya haɗa layi da layi."

Fuskar tsohon ta fara sakin jiki. Kafaɗunsa suka sauko. Ya juya ya dubi Abbas, duban da ya sa Abbas ya haɗiye sauran maganarsa. Taufiq ya ji iska ta dawo masa. Saura kaɗan. Layi biyu ya ƙara, shi ke nan an wuce wurin.

"Ba haka na rubuta ba."

Muryar ta fito a shaƙe daga bakin ƙofa.

"Mansura," Taufiq ya ce a hankali, yana mata alama da ido.

"Ba ni wayar."

Ta rarrafo ta karɓa. Hawaye na ɗiga a kan allon, tana sharewa da gefen hijabi.

"Baba, Yaya Abbas bai ƙara komai ba. Ga abin da na rubuta." Ta ja numfashi. "Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Anka miƙo ma Baba biro ya sa hannu, ya ce a kawo tawada ya dangwala. Ƙawayena suna tsaye. Da na sani da na roƙi mijin Gwaggo ya zo a matsayin ubana."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta kifa kai a kan tabarma.

Daga cikin gida ana jin sautin turmi, sai ya tsaya cak.

Malam Kalilu ya daɗe yana kallon babban yatsansa na dama, yana juya shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Ina da shekara goma sha ɗaya nis sauke Alƙur'ani," ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Da za ki tafi Foli, ƙannena sunka taru cikin wanga zaure sunka ce kar in bari. Nic ce sai kin tafi. Ranar rajistan nan, rigar Sallah nis sa. Na yi ta ba mutane labari a mota, ɗiyata za ta zama ma'aikaciya."

"Baba ka yafe mani! Wallahi ɓacin rai ne, a ranar anka ce mani an ba Yaya Abbas ni. Ina rubutawa na goge, ko minti biyar bai yi ba. Wallahi ba haka zuciyata take ba!"

"Na sani. Yaro yakan faɗi abin da ya fi haka, iska ta kwashe." Ya ɗago ya dubi Taufiq. "Amma wanga bai bari iska ta kwashe ba."

"Baba, bari in yi bayani..."

"Ka yi bayani tun ɗazu, na ji daɗinshi ƙwarai. Har na fara yarda." Ya girgiza kai. "Ka dubi idona, ka ga ban iya karatu, ka karanta man abin da babu. A cikin zaurena. In na ba ka ɗiyata, gobe takardar asibiti za ka karanta man haka, ko ta kotu?"

Taufiq ya buɗe baki. Tsohon ya ɗaga masa hannu, ya ci gaba.

"Ƙannena sun ce kai Bayarabe ne, nic ce Musulmi ne. Sun ce ba ka da gona, nic ce shina da sana'a. Sati mai zuwa nis so in ce ka turo manyanka. Allah ya sani."

Abbas ya gyara tsayuwa, har ya fara wani ɗan tari na mai nasara. Tsohon ya juya kansa.

"Kai kuma. Ka ga abin da ke ciki tun layin farko. Kana iya cewa Baffa, mu je gida. Ba ka ce ba. Ka karanta har ƙarshe gaban Liman da baƙi, kana ɗaga murya inda ya fi zafi. Wanda ya yi ma ƙanwarshi haka ba ya zama mijinta. Fita ka ba ni wuri."

Abbas ya fita fuu, ko takalmi bai sa daidai ba.

Malam Kalilu ya zaro tsohuwar ƙaramar wayarsa daga aljihu, wadda aka ɗaure da roba. Ya ce Taufiq ya cire masa layinsa daga babbar ya mayar a nan. Taufiq ya yi, yatsunsa da ke kwance waya ido rufe suna ta kuskure ramin.

"Ɗauki abinka. Na gode da alheri. Kada ka sake zo man gida da wagga magana."

"Baba, zan goge su duka, yanzu a gabanka. Ko ɗaya ba zai rage ba."

"Goge mana. Na cikin kunnen mutanen rumfa fa, wa za ya goge shi? Yau da asuba na shiga masallaci, wani yaro ya duba yatsana."

Ya tashi da kyar, ya dafa bango, ya shige cikin gida.

Suka rage su biyu.

"Mansura..."

"Ai ka rantse mani ka goge."

"Na goge saƙon, wallahi na goge. Hoton ne kawai..."

"Kar ka yi mani wayon kasuwa, Taufiq. Ni ba kwastoma ba ce. Sau nawa na ce ka goge? Sau nawa ka ce wallahi?"

"Ki duba ƙasan saƙon. Don Allah ki duba layin ƙarshe." Ya miƙa mata babbar wayar. "A nan kika ce ba ki da wanda ke jin kukanki sai ni. Ranar ce kika fara faɗa mini haka. Saboda layin nan na ajiye. In gari ya yi mini zafi, in Mama ta dame ni da zancen Yewande, shi nake buɗewa in karanta."

Ta kalli layin, hawaye suka sake ɓallewa.

"To mi ya hana ka yanke saman? Kai ka koya mani yadda ake yanke hoto. Ka ce daƙiƙa biyu ne. Ka ajiye naka mai daɗi, ka ajiye har da abin da zai kashe ubana."

"Ban yi tunani ba."

"Ba ka taɓa yi ba. Komai wasa ne a wurinka. Har yanzu da ka ga an kama mu, wasan ka ƙara yi da shi."

"Ke nake ceto! Da kin yi shiru minti ɗaya, da yanzu an gama. Da ya yarda, da Abbas ne maƙaryaci, da sati mai zuwa..."

"Da sati mai zuwa an sa muna rana, ubana yana yawo cikin gari yana cewa ɗiyata ta yabe ni, mutum goma sha suna yi mashi dariya a bayan ido. Na ji kunyarshi sau ɗaya don bai iya karatu ba. Kana so in zauna ina kallo ana cutarshi da shi?"

Taufiq ya sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗigo masa a kan gwiwa, ya yi saurin murje shi.

"Zan jira. Shekara nawa ne, zan jira. Zan turo Limamin Badariya, zan turo..."

"Kar ka turo kowa. Ba zan koma Birnin Kebbi wannan zangon ba, na faɗa ma Inna. Ba zan iya barin shi haka ba. Fito da wayarka."

Ya fito da ita. Ta sa ya buɗe jakar. Hotuna ɗari huɗu da wani abu, tun daga sallamar farko da ta amsa masa, har zuwa saƙon shekaranjiya da ta ce ya sha magani.

"Zaɓe su duka."

"Bar mini ɗaya. Na rantse zan yanke, layin kawai."

"Duka."

Ya zaɓa. Wayar ta tambaya ko ya tabbata. Yatsansa ya tsaya a sama, sai ita ta miƙo nata ta danna. Ta ɗauki babbar wayar ta goge na can ma, hotunan suka riƙa ɓacewa, layi bayan layi.

Ya fara mayar da wayar aljihu.

"Da saura," ta ce. "Kwandon shara. Ka ce suna kwana talatin a can kafin su tafi."

Ya dube ta. Ashe har a nan ya sa rai, shi kansa bai sani ba sai da ta faɗa. Ya buɗe kwandon, ya share. Allon ya koma fari fat.

Mansura ta miƙe, ta gyara hijabinta.

"Ka gaida Alhaja. Ka ce mata na gode da komai."

Ta shige.

Taufiq ya zauna shi kaɗai a zauren da waya biyu a hannu. Ta bayan katanga yana jin muryarta tana cewa, "Baba ka yafe mani, Baba ka dube ni," tana maimaitawa. Ya ce a ransa ba zai tashi ba sai ya ji tsohon ya amsa mata, ko da kalma ɗaya ce.

Har aka kira la'asar bai ji ba. Ya ɗauki takalmansa ya fita.